Jimlar da Ba Tawa Ba

Talata, da hantsi

Yau ban je ofis ba. An ce in huta. Irin muryar da aka faɗa da ita, likita ne kawai na sani da ita, bayan ya ɗaga hoton ƙirjinka sama ya daɗe yana kallo.

'Yata Auta tana gidan yayar mamanta tun jiya da yamma. Mai ɗakina ta bi ta da jaka ɗaya, ta ce za ta dawo ta ɗauki saura. Ban tambayi yawan sauran ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, tunda bayani shi ne sana'ata. Shekara da shekaru ina horar da malaman makaranta da ma'aikatan kula da yara yadda za su gane yaron da ake cuta a gida. Tun da wuri na lura lacca barci take sa mutane, musamman in an ci abinci, sai na ƙirƙiro ɗan wasa. Nakan fito a matsayin wani da na raɗa wa suna Mutumin Kirki: mai fara'a, mai doguwar gaisuwa, irin wanda maƙwabta ke ba ajiyar makulli. In durƙusa gaban kujerar da babu kowa a kai, in sauke murya, in faɗa wa kujerar jimla uku.

"Wannan sirrinmu ne, ni da ke. In kin faɗa ba wanda zai yarda. Kuma mamanki za ta yi kuka, ke kika jawo."

Ɗaki yakan yi tsit. Akwai matar da ta taɓa fita da gudu ta yi amai. Na daɗe ina alfahari da wannan aman, Allah ya yafe mini.

Watan jiya aka gayyace ni makarantar su Auta. Don in burge malaman 'yata, na yi ta maimaita wasan a gaban madubi a ɗakin karatu, ƙofa a buɗe saboda zafi. Jiya malamar ajinsu ta ji Auta a bayan aji tana faɗa wa 'yar tsanarta waɗannan jimlolin. Ta gane su, ba shakka. Sai dai ni da bakina na gaya musu cewa ba ni na ƙirƙire su ba, kusan duk masu cutar yara haka suke faɗa. Malamar ta yi abin da na koya mata daki-daki. Ba ta kira uban ba. Ba ta tsare yarinyar da tambaya ba. Ta kai rahoto kafin a tashi.

Da maki nake bayarwa, da ta cinye duka.

Bayani ne kawai ake buƙata.

Talata, bayan la'asar

Gidan ya ƙara girma.

Laraba, da safe

Ƙanina ya kawo mini shayi ɗakin karatu. Shi ke zaune a ɗakin baya, kusa da tankin ruwa, tun da ya gama karatu yake jiran aikin da kullum ake ce masa mako mai zuwa. Ni na riƙe shi bayan rasuwar Baba, lokacin ko ɗaure igiyar takalmi bai iya ba. Shi ke ɗauko Auta daga makaranta ranakun da mamanta ke aikin rana a asibiti.

"Yaya, ka sha ko kaɗan ne, ka gane? Mutanen nan ba su da aikin yi. Kai da ka koya musu, ka gane?"

Na ce na gane. Kullum sai na gane. Ban taɓa ganin mai shakkar fahimtar jama'a kamar yaron nan ba. Ko gishiri zai ce a miƙo masa, sai ya tabbatar an gane.

Farfesa ta hau kan littattafaina ta miƙe. Kyanwar Auta ce, ita ta sa mata sunan, wai don ba ta aikin komai sai kwanciya a kan littafi. Ban tambaye ta da wa take ba.

Alhamis, da azahar

An turo mai bincike. Ɗalibata ce, wadda take zama a layin gaba tana tambaya har sai masu son tafiya gida sun fara tsaki.

"Malam, ina wuni."

"Lafiya lau, 'yar layin gaba. Ashe ke aka ɗora wa."

"Na ce a ba wani, Malam. Aka duba ofis ɗin kaf, duk ɗalibanka ne."

Ta zaɓi kujerar da ke kusa da ƙofa. Ta ƙi shan shayi. Ta nemi ganin inda yarinyar ke kwana, ta duba ko ƙofar tana da sakata, ta ciki ko ta waje. Ina biye da ita ina gyaɗa kai a zuci kamar mai duba jarrabawa, sai na tuna ni ne takardar.

Na yi mata bayanin madubi da zafi da buɗaɗɗiyar ƙofa. Bayanin ya fito sumul, babu gargada ko ɗaya. Ina tsaka da shi na ji muryata a wani aji can baya tana cewa: ku kiyayi uban da bayaninsa ya cika kyau. Na ga a idonta ita ma ta ji. Na yi ƙoƙarin in ɗan yi in'ina don ya yi kama da gaskiya, abin ya ƙara lalacewa.

"Su wa ke kwana a gidan?"

"Ni, da mamanta, da ita. Sai ƙanina a ɗakin baya. Shi ai yaro ne."

"Shekarunsa nawa?"

Na faɗa. Da na ji adadin a bakina sai na ga ashe ya daɗe da daina zama yaro.

Ta ce za a zo kansa, amma tunda kalmomin nawa ne, da ni za a fara. Zan ga Auta mako mai zuwa a ofis, a gabanta. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta ce wani abu, sai ta gyara jakarta kawai ta ce, "A huta lafiya, Malam." Kowa so yake in huta.

Juma'a, da yamma

Na je wurin Lauya. Tare muka yi makaranta, shi ne wanda ke kwafar amsata ya fi ni maki. Yanzu tumbinsa yakan riga shi shiga ɗaki. Shi ke tsaya wa iyalan da ba su da mai tsaya musu a kotun iyali, ni na sha turo masa mutane. Yau na turo kaina.

Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido.

"Shehin malami, kai ne mutum na farko da ya haƙa tarko, ya gwada shi da ƙafarsa, sannan ya zo yana yabon ingancinsa."

"Ka gama?"

"Saura kaɗan." Ya ƙarasa. "To ji nan. Abu ne mai sauƙi. Za mu kawo biyu daga cikin waɗanda suka ga wasan. Za ka ce yarinya ta ji ka kana maimaitawa. Mai shari'a za ta ja maka kunne, a rufe magana, 'yarka ta kwana a gadonta. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka yi lacca. I ko a'a. Na san zai yi maka ciwo, ka daure."

An sa zaman Laraba ta sama. Na fito da ɗan sauƙi a ƙirji, har na sayi jarida. Ban karanta ba.

Asabar, da hantsi

Mai ɗakina ta kira. Muryarta irin ta aiki ce, wadda take yi wa dangin marar lafiya.

"Tana lafiya. Tana cin abinci har da ƙari. Barci kuwa sai an tashe ta. Tun da muka zo ba ta yi fitsarin kwance ba."

"Fitsarin kwance?"

"Baban Auta, ai na gaya maka ya dawo mata. Kana karatu ka ce uhm."

Na ce a ba ni ita mu gaisa. Ta ce ka san ba a yarda ba. Na sani. Ni na yi ta faɗa a taro cewa a daina yarda.

Wato 'yata ta fi barci a inda ba ni. Na ɗauki wannan na juya shi ta kowane gefe yini guda, kamar mai neman inda ake buɗe gwangwani.

Lahadi, da safe

Maƙwabcinmu mai gyaran firiji ya zo karɓar makullinsa da yake ajiyewa a wurina. Ya ce wai matarsa ta yar da nata. Ya yi gaisuwa mai tsawo ƙwarai, idonsa a kan takalmina.

Lahadi, da la'asar

Bayani ne kawai.

Litinin, da azahar

Na ɗauko littattafai uku na mayar. Duk marubutan da na yarda da su sun yi magana mai daɗi a kan haƙuri, kuma na lura babu wanda aka ɗauke wa 'ya a cikinsu.

Ƙanina ya wanke mota, ya share tsakar gida, ya dafa shinkafa ta caɓe. Yana ta ƙoƙari. Ya tambaye ni ko mai binciken za ta sake zuwa. Na ce ban sani ba. An jima ya sake tambaya.

Talata, bayan azahar

Na ga Auta.

Ɗakin ziyarar ni na tsara shi, shekarun baya. Ni na ce a yi masa fenti ruwan ɗorawa, a sa ƙananan kujeru, a ajiye kwandon kayan wasa, don kada yaro ya ji kamar ofis. Yau na zauna a ƙaramar kujerar, gwiwoyina kusa da haɓata, na gane iyayen ne ban yi tunaninsu ba.

Ta shigo da gudu ta faɗa jikina. An yi mata kitso irin na gidan yayar mamanta, ya ja mata goshi. Ɗalibata ta zauna a kusurwa.

"Baba, Farfesa tana nan?"

"Tana nan, tana ta nazari."

"Ka gan ta yau?"

"Na gan ta."

"Da idonka?"

Na ce da idona, har ta zubar mini da shayi. Ta yi ajiyar zuciya irin ta manya. Muka yi hira. Ta ce 'ya'yan Anti ba su iya wasa ba, kuka kawai suka iya. Ta ce haƙorinta na gaba yana rawa, ta nuna mini, ta hana ni taɓawa. Sai ta sauka ta je kwandon, ta ciro wata 'yar tsana mai hannu ɗaya, ta zaunar da ita a kujera, ta durƙusa a gabanta.

Ta yi jimlolin uku da muryata. Har da yadda nake ɗaga gira. Wallahi ta fi ni iyawa, na kusa yin dariya, na waiwaya in ga ko Ɗalibata ta ga abin da nake ta faɗa.

Ba ta tashi ba. Ta matsa kusa da kunnen 'yar tsanar. Muryar ta canja, ta zama ƙasa-ƙasa, da sauri, babu wasa a cikinta.

"In kin faɗa, zan sa Farfesa a buhu in kai ta inda ba za ta dawo ba, kin gane?"

Sannan ta gyara wa 'yar tsanar riga, ta dawo ta hau cinyata, ta tambaye ni ko haƙori yana zafi in ya fita.

Na ce kaɗan ne.

Talata, da yamma

Babu kyanwa a wasana. Ban taɓa sa kyanwa ba.

Laraba, da safe

Rabin garin nan suna cewa ka gane. Na fita musamman na saurara. Mai burodi ya faɗa. Wani a rediyo ya faɗa har sau biyu. Direban da ya kusa buge ni ya faɗa, da ƙarin wasu kalmomi. Yara kuma suna haɗa abin da suka ji nan da can su yi nasu. Akwai babi guda a kan haka a littafin da ke kan shiryayye na biyu, ni na ja layi a ƙarƙashinsa.

Mai burodi bai san sunan kyanwarmu ba.

Na dawo da kwanon Farfesa ɗakin karatu. Ba wani dalili, wurin ya fi inuwa.

Alhamis, da azahar

Na zaga bayan gida, wai in duba ko tanki yana yoyo. Ba ya yoyo. Na tsaya ina kallon wata ƙofa da ni na saya, ni na sa aka kafa. Akwai labule a tagar. Ban san yaushe aka sa labule ba.

Na tuna kwanakin baya ƙwallon Auta ya gangara can, ta tsaya a bakin lungu ta ce in ɗauko mata. Na ce babbar yarinya da ke, tsoron ƙadangare? Na ɗauko mata. Har na yi mata waƙar matsorata.

Ba zan rubuta komai yau ba.

Juma'a, da yamma

Na koma wurin Lauya na faɗa masa. Bai yi dariya ba. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya kashe fanka don ya ji ni sosai, muka zauna muna gumi.

"Ita mai binciken ta ji?"

"Tana wurin."

"To za ta faɗa, dole. Amma wa ya rubuta wasan? Kai. Wa zai rantse cewa ranar a gaban madubi ba ka ƙara gishiri ba? Kyanwa tana kwance a gabanka, ka sa ta a ciki. Masu wasa suna yi."

"Ban yi ba."

"Ban tambaye ka ba." Ya share wuya da hankici. "Shehi, ka san abin da za ka ce in ka ce ba taka ba ce? Ka ce da gaske wani ya faɗa wa yarinyar. Daga nan ba maganar wasa kuma. Kuma wa ke kan layi na farko? Kai ɗin nan. Ba za ta dawo gida ba sai an gama, wata nawa ne Allah kaɗai ya sani. Aikinka kuwa ka yi masa bankwana."

Ya gyara zama, ya ci gaba.

"Ga hanya. Ka ce i ranar Laraba. Kafin ta dawo ka sallami yaron a hankali, ka ce ka samo masa wani abu a wani gari. Ba hayaniya, ba tonon asiri. In ma ba shi ba ne, ba ka ɓata masa suna ba. Kowa ya tsira."

Na san wannan hanyar. Ina da lacca guda a kanta, ta bayan hutun shayi. Nakan ce: a kashe magana a gida, sai mutumin ya koma wani gidan, can ma akwai yara. Nakan ce: kuma ba wanda zai sake tambayar yarinyar mene ne sirrin. Ana tafa mini a wurin nan. Ban taɓa sanin hanyar tana da daɗin ji haka ba.

"Ka yi tunani," in ji shi. "A matsayin lauya na gama. A matsayin wanda ya ci amsarka shekara biyar, ban san me zan ce maka ba."

Asabar, da hantsi

Na kira mai ɗakina don in faɗa mata. Na shirya jimlar farko tun a banɗaki.

Ta riga ni. Muryarta ta gida ta dawo. "Lauya ya ce Laraba za mu dawo. Ka sa a share ɗakinta, a shanya katifar. Kuma ka ce wa Baffanta ya gyara mata keken nan, sarƙar ta zame. Ita ce maganarta kullum, keke da Farfesa."

"Ita ta ce Baffa ya gyara?"

"Ni na ce. Wa zai gyara, kai? Me ya faru?"

Na ce ba komai, layin ne ba kyau.

Lahadi, da azahar

Ƙanina ya yi mini aski a tsakar gida, kamar yadda ya saba. Hannunsa a kan keyata, reza a bayan kunnena. Yana ba ni labarin wani abokinsa da aka kira aiki. Hannun nan ni na riƙe shi na tsallakar da shi titi ranar da ya fara makaranta. Yana da tabo a babban yatsa, na gwangwanin madara, ni na ɗaure.

Na ce na gane. Na ce na gane.

Litinin, da safe

In ba shi ba ne fa.

Litinin, da la'asar

In shi ne fa.

Talata, da yamma

Na goge riga. Na goge wata. Na gwada cewa i a gaban madubi, wannan karon na rufe ƙofa. Tana fita lafiya lau. Kalma ce ƙarama, ko numfashi ba ta ci.

Laraba, bayan la'asar

Ɗakin ƙarami ne, teburi ɗaya dogo. Mai shari'a dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, da mazubin shayinta a gefe. Mai ɗakina tana can ƙarshen teburi da sabon mayafi. Shaidun biyu suka faɗi abin da suka gani a horo, ɗayan har ya so ya yaba mini, aka tsayar da shi.

Mai shari'a ta ce in yi wasan ta gani.

Aka jawo kujera. Na durƙusa. Gwiwata ta yi ƙara. Na faɗi jimla ukun a gaban matata, wadda ba ta taɓa ganin wasan ba. Ba wanda ya tafa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, ranki ya daɗe."

Ta juya ga Ɗalibata. Ita kuma ta maimaita abin da ta ji a ɗakin ziyara, kalma da kalma, har ƙarshensa. Ba ta kalle ni ba. Na ga hannun mai ɗakina ya tsaya a kan jakarta.

"Maganar kyanwar fa?" in ji mai shari'a. "Lauyanka ya ce kakan ƙara wasu abubuwa in kana maimaitawa. Ita ma daga wasan take?"

Takalmin Lauya ya sauka a kan nawa a ƙarƙashin teburi. Mutum ne mai nauyi.

Ban yi tunanin lacca ba, ban yi tunanin littafi ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne yadda ta ce, da idonka?

"A'a. Ba tawa ba ce."

"Ka san abin da amsar nan take nufi a gare ka?"

"Ni nake koyar da shi, ranki ya daɗe."

"To ta wa ce?"

"Ban sani ba. Amma na san muryar da 'yata ta kwaikwaya."

Ta ce in faɗa. Na faɗi abin da na faɗa. Ba zan sake faɗarsa a nan ba.

Auta za ta ci gaba da zama gidan yayar mamanta. Za a kawo wadda ta ƙware a magana da yara ta zauna da ita. Ni ma ban fita daga zargi ba, mai shari'a ta faɗa mini a fili, kuma daidai ne. Lauya ya tattara takardunsa, ya ce, "Sau ɗaya a rayuwarka ka ba da gajerar amsa," sannan ya dafa kafaɗata ya daɗe bai ɗauke hannu ba.

A baranda mai ɗakina ta tsaya a gabana. Ba ta yi kuka ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Har yanzu ban sani ba."

"Ni na ce ya riƙa ɗauko ta." Ta faɗa wa bango, ba ni ba. Sai ta gyara mayafi. "Zan koma wurinta. Ka ci wani abu."

Ɗalibata ta same ni a bakin matakala.

"Malam, gobe da safe za mu zo, ba ni kaɗai ba. Kada ka yi masa maganar. Kada ya ga canji a fuskarka. Za ka iya?"

Na ce an ce ina da ɗan hannu a wasa. Ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Allah ya ba da haƙuri, Malam," wannan karon ba ta ce in huta ba.

Laraba, da magariba

Na tarar ƙanina ya gyara keken. Yana kansa yana zaga tsakar gida, gwiwoyinsa a waje kamar kwaɗo, yana buga ƙararrawa. Da ya gan ni ya sauka yana dariya, hannunsa duk baƙin mai.

"Yaya, ya aka yi?"

"Sun ɗaga zaman. Ka san kotu."

"Amma ba matsala?"

"Ba matsala."

"Alhamdu lillahi. Na ƙara masa iska, na ɗaga sirdin kaɗan, Auta ta yi tsawo, ka gane? Yaushe za ta dawo?"

"Ba da daɗewa ba."

Muka ci abinci a kwano ɗaya. Ya tura mini naman gefena, kamar yadda nake yi masa yana ƙarami. Na ci. Na yaba shinkafar. Na tambaye shi labarin abokinsa da aka kira aiki, na yi dariya a inda ake dariya. Ban taɓa yin wasa mai kyau irin na yau ba, kuma ba na fatan kowa ya gani.

Ina ta duban fuskarsa ina neman wani abu. Fuskar Baba ce kawai.

Alhamis, da sassafe

Ina jin sa yana wanka yana waƙa. In ba shi ba ne, ba zai sake kirana Yaya ba, kuma wanda ya faɗi jimlar yana can wani wuri da ban sani ba. In shi ne, ni na ba shi ɗakin. Na rasa wanne zan roƙa, sai na roƙa wa Auta kawai.

Mota ta tsaya a waje. An buga ƙofa.

"Yaya, baƙi. In buɗe?"

Na ce ya bari, ni zan buɗe.